Hayaƙin da ya shigo ɗakin ɗiyata

Ni mai arhar hawaye ce tun ina ƙarama, ko kaza aka yanka sai na yi mata kuka. A Alkahira, a ajin Turancin da nake zuwa kafin na haihu, malamarmu, wata Bamisiriya mai tsokana, ta rubuta lachrymose a allo ta nuna ni da alli. Ta ce ma'anarta mai saurin kuka, daga lacrima, wato hawaye a harshen Latin. Na dawo na ba mijina labari, ashe abin tsokana na miƙa masa.

Shi ya sa ranar bai yarda da ni ba. Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, a shekarar da titunan unguwarmu, Hay el-Sabi', ba sa rabuwa da zanga-zanga. Ina kicin, ɗiyata 'yar wata huɗu tana barci a ɗaki, na bar mata taga a buɗe saboda zafi. Sai idona ya fara zuba. Na leƙa falo na ce, "Malam, idona yana raɗaɗi."

Bai ko ɗago daga littafinsa ba. "To, yau kuma albasa ce ko kewar Umma?"

Sai muka ji tarin yarinyar, wani siririn tari da ban taɓa ji ba. Hayaƙi mai sa hawaye na 'yan sanda ne ya cika ɗakin. Na sure ta, fuskarta ja wur, bakinta a buɗe, amma babu sauti. Tsoro ya kama ni. A garinmu in numfashin yaro ya sarƙe, waje ake fita da shi ya sha iska, don haka na yi matakala a guje, ko mayafi babu, zan kai ta titi inda hayaƙin yake.

Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ce ta cafke hannuna. "La'a, ya binti, a'a 'yata! Sama, yalla, sama!" Ta ja ni har hawa na biyar, ɗakinta na ciki, tagogi a rufe ruf. Ta kifa yarinyar a hannunta tana shafa bayanta tana salati. Ni ina tsaye, bakina ya kasa haɗa ko Fatiha.

Can yarinyar ta ja numfashi, ta tsala ihu. Kafin tsohuwar ta miƙo min ita, ta soma jijjiga ta don ta yi shiru.

Na ce, "A'a, Hajja, ƙyale ta ta yi."