Cocin Laka a Bukit Jalil

Shekarar da na je Kuala Lumpur ganin likitan ido, wajen jikata na sauka a Bukit Jalil. Zanen gine-gine take karanta. Na same ta ba walwala: an ba ta aikin ƙera ɗan samfurin wani tsohon coci na kudancin Faransa, kuma darasin nan ya taɓa kayar da ita. Ubanta ya rantse in ta sake faɗuwa gida za ta dawo.

Da ta nuna mini hoton cocin sai na yi dariya, don na taɓa shiga irinsa. Sufayen Kirista ne suka gina shi, da ɗakunan kwanansu a jikinsa kewaye da tsakar gida. Da yaƙi ya ƙi ƙarewa sai suka ƙara wa bango tsawo, suka toshe tagogi suka bar 'yan tsagu na harba kibiya, suka haƙa rijiya a ciki, suka ɗora bene a kan rufi inda mutanen gari za su ɓuya da hatsinsu. Saman ƙofa kuwa ramuka ne na sako wa baƙo dutse a ka. Na shiga wuraren ibada daga Mali har Indiya, ban ga masu tawakkali da suka ɗaure raƙuminsu tamau irin waɗannan ba.

Na tambaye ta da me za ta yi shi. Ta ce da kwali.

"Ginin da ya gagari mayaƙa za ki yi da kwalin taliya? Laka za mu samo. A gindin badala na girma."

"Angona, ido aka kawo ka gyara, ba gini ba."

"Amarya, ki bi mijinki ki ga aljanna."

Na dame ta har ta yarda. Muka sayo yumɓu a Sri Petaling, na yi ta murza 'yan tubala kamar gyaɗa, ita tana jerawa. Ya yi kyau, har da hasumiya da ramukan jifan. Muka ajiye a baranda ya sha rana.

A Kano da yini guda ya wadatar. A can iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, kullum in na taɓa bangon sai yatsana ya nutse. Ana jibi za ta kai aikin, muna wani gidan abinci da suke kira mamak muna shan shayi, ruwan la'asar ya sauko a karkace. Da muka dawo hasumiyar ta kwanta a kan ɗakunan sufaye, rijiyar kuma ta cika har ta tumbatsa.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tsokane ni ba, wannan ne ya tsorata ni. Ta ɗauko kwali da gam, ta nuna mini kujera.

"Riƙe nan. Kada ka ba ni shawara, ko da kuwa da Faransanci ne."

Haka na yini biyu ina danne kusurwa har gam ya kama.

Da kyar ta haye. Da ubanta ya bugo waya, na ji yana tambaya ko Baba ya taimaka.

"Ƙwarai," in ji ta. "Da ya yi shiru."