Ɗiyar Mutanen Maiyama

Mu mutanen Jega da Aliero ba mu san jirgin ƙasa ba sai a bakin fatake. Motar albasa muka sani, kuma dokarta guda ce: yaron da zai zauna bisa cinya ko bisa buhu ba a biya masa. Da wannan ilimin Baffa, yayan mahaifina, ya kai mu tagar sayar da tikiti a Gusau.

Jihar Kebbi na sabuwa a lokacin, ni kuma ban fi shekara tara ba. Motar da ta ɗauki albasar mahaifina ta kife kusa da Zariya, aka aiko cewa yana asibiti, a zo da iyalinsa. Ana wahalar man fetur, da ƙyar muka kai Gusau, daga nan kuwa sai jirgi. Tunda aka ce a zo har da ni, na san abin ba ƙarami ba ne, ko da yake babu wanda ya faɗa.

Ni ce 'yar fari. Tun da aka yaye ni aka kai ni riƙo wurin kakata a Maiyama, Inna kuwa tana Aliero. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona a gaban mutane. In aka tambaye ta ni wace ce, amsarta ɗaya: "Ɗiyar mutanen Maiyama ta." Kowa a ƙasarmu ya san kunyar ɗan fari ce, har yabonta ake yi. Ni dai abin yana ci mini rai, kuma har yau ban ga abin yabo a ciki ba.

Mai sayar da tikiti ya leƙo ya dube ni, ya ce yarinya kamar wannan rabin kuɗi ake biya mata, in kuma aka kama ta a ciki babu tikiti, akwai tara. Baffa mutum ne da ko gishiri zai saya sai ya yi ciniki. Ya ce, "Wagga 'yar abu? Ai ba ta cin wuri." Ya karɓi tikiti biyu, ya ba Inna ɗaya, ya tura ni cikin cunkoso ta ƙarƙashin hannun mai tsaron ƙofa.

Taragon ya cika har bakin ƙofa. Baffa ya hango 'yan kasuwar Jega a tarago na gaba, ya bi su hira, ya bar mu. Inna ta samu gefen benci, ni na zauna ƙasa kusa da ƙafarta. Wata mata mai tallar goro ta soma ba da labarin yaran da ke shiga jirgi a ɓoye, yadda ake sauke su a tashar daji a miƙa wa 'yan sanda. Tana faɗa tana kallona.

Bayan azahar na fara jin ƙarar ɗan ƙarfen da ake huda tikiti da shi. Daga can ƙarshen tarago yake tahowa, benci bayan benci, kuma duk inda ya iso sai hira ta mutu. Na so in je in kira Baffa, amma babu wurin taka ƙafa.

Mai duba tikitin dogo ne, ba ya ɗaga murya. Ya huda na Inna, ya miƙa mata, sannan ya nuna ni.

"'Yarki ce?"

Duk taragon yana sauraro. Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗiyar mutanen Maiyama ta."

Shi ba mutumin ƙasarmu ba ne, kuma aikinsa yake yi. Ya tambaya ko akwai ɗan Maiyama a nan, babu wanda ya amsa. Ya ce to doka ta ce yaron da ba shi da tikiti kuma ba shi da mai shi, a tasha ta gaba ake sauke shi. Ya kama wuyan hannuna. Na waiwaya na dubi Inna, idonta na kan tikitin da ke hannunta. Ban yi kuka ba, tsoro ya fi ƙarfin kukan.

Tashar ƙarama ce, ɗaki ɗaya da bishiyar dalbejiya, sai gonakin dawa ko'ina. Mai duba tikitin ya miƙa ni ga wani ɗan sanda, ya koma cikin jirgi. Aka busa usur. Taragu suka ja juna, jirgin ya soma motsi.

A lokacin ne Inna ta sauko. Ba ta san yadda ake sauka daga abu mai tafiya ba, ta faɗi bisa gwiwa a kan tsakuwa, takalminta ɗaya ya tafi da jirgin, haka ƙunshin kayanmu, haka Baffa da kuɗin hanya. Ta tashi tana ɗingishi ta zo ta tsaya gaban ɗan sandan, jini na bin ƙwaurinta.

Ya ce, "Ke kuma fa?"

Ta ce, "Ɗiyata ta. Ni na haihe ta."

Ko a lokacin ba ni take kallo ba. Jirgin ya ɓace a bayan dawa, mu ba mu ko san sunan garin ba. Ɗan sandan ya ce wani jirgin sai jibi, in ya zo. Inna ta zauna a gindin dalbejiya, ta jawo ni ta ɗora bisa cinyarta, ga ni ƙatuwa ƙafafuna na jan ƙasa.