Ƙafar Hagu, Lamba Sha Biyu

Verna Lindgren a rumfar takalman roba ta tsufa, nan bakin tashar jiragen ruwa ta garinmu Ketchikan. Ni ce Jolene, direbar bas. Ni ke kwasar baƙin da manyan jirage ke saukewa, in kai su gaɓar teku su sha yawo, amma ba mai hawa motata sai ya bi ta hannun Verna. Garinmu ruwan sama ba ya ɗaukewa, su kuwa sai su sauko da fararen takalma, wasu ma da silifa, wallahi kamar masu zuwa biki.

Da can har tsiya take musu. "Baiwar Allah, da wannan za ki shiga taɓo? To ki yi masa sallama tun yanzu." Kallo ɗaya take wa ƙafa ta san lambarta, ta miƙo aron takalmi da safa mai kauri, in an dawo a mayar.

Farkon bazarar nan mijinta Arvid ya fita kamun kifi a kwale-kwalensa, bai dawo ba. Ba a ga gawa ba, ba a ga ko katako ba. Fasto ya zo a sa ranar addu'ar mamaci, ta ce a'a, ita ba a nuna mata komai ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta fasa zuwa aiki ba, tsiyar ce kawai ta daina. Ni kaina na bar tambayarta ya gida.

Ran nan na dawo da baƙi sun jiƙe sharkaf. Cikinsu akwai wani dattijo ɗan jihar Arizona, mai fara'a da surutun tsiya, riƙe da takalmin roba guda, ƙafar hagu, da ya tsinto cikin itatuwan da teku ke watsowa. Na gan shi da shi a mota ban kula ba. Kowa a garin nan irinsa yake sawa, ruwan ƙasa-ƙasa, har coci.

"Uwar gida, ga naku guda," ya ce wa Verna yana murmushi. "Wani ya koma jirgi da ƙafa ɗaya ke nan."

Ta karɓa ta juya shi. Da yake takalman duk iri ɗaya ne, kuma a bakin ƙofa ake tara su, kowa yana yi wa nasa alama. Wannan an ɗiga masa shuɗin fenti a dunduniya, irin fentin kwale-kwalen Arvid. Ina gani na gane shi.

"Mun gode, Baba," ta ce. "Cire naka ka jefa a kwandon can."

Ta ci gaba da karɓar takalma har layi ya ƙare, jirgi ya yi kukansa ya tafi. Sannan ta jawo tiyo ta wanke shi yadda take wanke sauran. Yashi ya yi ta fita, da ciyawar teku. Ni ina tsaye ina jin haushin dattijon nan da bai yi laifin komai ba.

"Sha biyu," ta ce tana duba ƙasansa. "Ƙafar Arvid sha ɗaya ce."

Ba sai ta yi mini bayani ba. Masuntanmu da gangan suke sayen wanda ya fi ƙafarsu, don in mutum ya faɗa ruwa ya iya fizge ƙafa kafin takalmin ya cika.

"Kullum ina ce masa yana tafiya kamar agwagwa," ta ce. "Ya samu ya cire, Jolene. Ke nan da ransa a cikin ruwan."

Mun san sanyin ruwanmu, ni da ita; ba wanda ke daɗewa da rai a cikinsa.

Ta kifa shi a kan benci ya tsane, ta goge hannu a wandonta.

"In kin bi ta coci, ki ce wa fasto ya sa ranar."

Na ce to. Har na kai ƙofar mota ta sake kirana, idonta a kan takalmin.

"Ke, a ganinki ya samu cire na daman?"