Ƙosaina a Kasuwar 'Yan Brazil

Largo

Gari bai waye ba na fito daga gidana a Largo ranar Asabar, da kasko, da murhun gas, da bokiti biyu na surfaffen wake. Ku da ke gida Kafanchan za ku ce me ya kai ma'aikaciyar jinya tuyar ƙosai a Amurka. Lusiya ce sila, wata 'yar Brazil da muke aiki tare a asibiti. Na taɓa kai ƙosai wurin aiki, ta ci ɗaya ta dafe ƙirji, wai irinsa kakarta ke soyawa a garinsu. Ta ɗauki hoton ƙosan a waya ta saka a shafinta, daga nan mutanensu suka dame ta da tambayar inda ake sayarwa. Ita ta nema mini rumfa a kasuwar da suke ci a Wheaton.

Baba Garba ne ya ɗauke ni, wani dattijo mutumin Maraɗi mai motar kaya. Muka gaisa, ya dubi bokitan ya ce, "'Yata, wa zai cinye wannan duka?"

Na ce, "'Yan Brazil, Baba. Abin da wayarsu ta nuna musu shi suke ci."

Landover

Muka tsaya a shagon wata Bayarabiya mai injin markaɗe. Na sayi manja da attaruhu da albasa, aka markaɗa mini waken. Daga nan hankalina bai sake kwanciya ba, don ƙullun ƙosai ba ya jiran kowa. In rana ta yi ba a soya ba, ya yi tsami, sai zubarwa. Baba Garba ya sha mai, wanda shi yake kira esansi, muka hau titin da ya kewaye babban birnin ƙasar. Tafiyar ba ta kai awa guda ba.

Wheaton

Kasuwar a filin ajiye motoci take, bayan wani coci. Ko'ina tuta kore da rawaya, ga kiɗa, ga ƙamshin gasasshen nama. Lusiya ta tarbe ni da runguma, muka kafa rumfa, na rataya kwalin da na rubuta ƘOSAI da manyan baƙaƙe.

Ban taɓa ganin ciniki irin nasu ba. Mace za ta tsaya gaban kaya, ba za ta taɓa ba, ba za ta taya ba, sai ta duba waya ta ga me aka ce a kai. In ta saya, sai ta ɗauki hoto kafin ta kai baki. Kaskon farko bai huce ba ya ƙare, layi ya miƙe har rumfar mai sayar da takalma.

Ana cikin haka sai ga wani mutum mai suna Tiyago, da waya a kan sanda yana ɗaukar bidiyo. Lusiya ta raɗa mini cewa rabin kasuwar nan shi suke bi, duk rumfar da ya yaba ta sayar. Ya ci ɗaya, ya lumshe ido. Sai ya ciro farar riga da farin ɗankwali daga jaka, irin na masu soya shi a ƙasarsu, ya ce da Turanci in saka, in sauke kwalin, in kira abin da sunan da suke kiransa, akaraje. A bidiyon zai ce daga ƙasarsu na koyo.

Na ce, "A gindin murhun uwata na koya."

Ya ce mutanensa kewar gida suke saya, ba labarin wata ƙasa ba. Wai in bai saka ni a shafinsa ba, kafin azahar ni kaɗai zan rage da kaskona.

Lusiya ta ja hannuna. "Rifkatu, riga ce kawai. Minti biyar."

Na dubi ƙullun, bokiti guda da rabi, rana kuma ta fara zafi. Na ce masa, "Sunan da kuke kira ku riƙe abinku, ban hana ba. Amma wannan da hannuna ya soya ƙosai ne, ni kuma 'yar Najeriya ce. Ba zan sa kayan wasu in yi wa uwata ƙarya ba."

Ya juya wayar ya yi magana da yarensu, yana nuna kwalina yana girgiza kai. Lusiya ta ce cewa ya yi ƙosaina ba na asali ba ne. Ina kallo labarin ya bi layin, wannan ta duba waya ta taɓa ta gabanta, suka zame ɗaya bayan ɗaya. Mutum uku suka rage.

Baba Garba ya ce, "Mu kwashe ne?"

Na ce, "Ƙara wuta, Baba."

Na ci gaba da tuya kamar ana jira. Sai Lusiya ta ɗaga tata wayar ta ce in faɗi abin da nake so. Na faɗi sunana da garinmu, na nuna yadda ake buga ƙullu, na ce wanda bai yarda ba ya zo ya ɗanɗana da bakinsa, ba da idon wani ba. Lusiya ta saka a shafinta, musu ya kaure a ƙarƙashin bidiyon. Wasu suka zo don su ƙaryata ni, wasu don su ƙaryata Tiyago, kowa kuma sai ya saya kafin ya yanke hukunci. Wata tsohuwa ta sa na maimaita mata sunan har ta iya, ko da yake ƙ ɗin ya gagare ta.

Layin bai koma kamar na safe ba. Da la'asar rabin bokiti ya yi tsami, na zubar da shi da hannuna.

Komawa

A hanya Baba Garba ya ce da na sa rigar da ban yi asarar komai ba. Na ce haka ne. Ya yi dariya, ya tambaya ko ya zo Asabar mai zuwa. Na ce ya zo da wuri.

Na iso Largo da magariba, ƙafafuna a kumbure, jikina duk warin manja. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Baba Garba da Lusiya. A gaya wa Mama cewa yau a Wheaton akwai tsohuwa 'yar Brazil da ta san sunan ƙosai.