Abin da ke hidda Rabi daga kilas

Salamu alaikum jama'ata. Kwana biyu kunji ni shiru, har wasu sun hwara rabon gadon wayata. To ku maido, ban mutu ba. Ni na dai Dan Bala, sarkin dakon albasa na Galma, mai aza buhu bisa kai yana waka. Hida anka yi min a likita.

Abin ya hwaro awa wasa, masassara da ciwon kai. Nic ce palu na, zazzabin sauro, nis sha maganin dan tebur nic ci gaba da aiki. Sannan ciki yad dau ciwo, yay yi tauri awa ganga.

Randa nih hwadi, gaban diyata Rabi nih hwadi, tana rike da kwanon hurata. Shekarunta takwas. Anka aza ni bisa amalanke, anka lullube ni da zane har kai sabo da rana.

Likitar Madawa sunka ja jini don analis, sunka yi radiyo, hoton ciki. Lokotoro yac ce tihoyid ta, ta huda hanji. Yac ce malam in ba a bude ka yau ba, gobe sai dai wani labari. Nic ce lokotoro a yanka a hankali, hwatar ga mai tsada ta. Yay yi dariya. Sai anka shiga da ni dakin hida.

Na hwalka da roba a hanci, roba a ciki, serom a hannu. Ba ci ba sha, ni da tuwo ke tsoro na. Ordonas kullum, takardar sayen magani, ragunana sun tahi dukansu. Matata Hajo na gehena bisa tabarma, yara na gida wurin Inna.

Sai yayana Sule ya zaka dubiya, yac ce Rabi ta lalace. Ana tsakar karatu sai ta tashi ta hita a guje. Mushen su, malamin kilas, ya buge ta, shi ma Sule ya buge ta, Inna tac ce iskoki na, har turare anka yi mata. Dirakte, shugaban makarantar, yac ce in ta kara, lakwal ta kare mata.

Nic ce a hwada mata in na taso za ta sani. Lokacin ko zama ban iyawa sai an tallabe ni.

Mu nan kun san mu, ba a hwada ma yaro ciwon babba. In tac ce ina Baba, sai a ce yi shiru ki tahi wasa.

Akwai wata malama a lakwal din, Madam Zali. Ita tar roki dirakte ya ba ta Rabi ta zamna kilas dinta tukuna. Ba ta yi mata hwada ba, kallonta kawai takai. Rannan sai ga kiranta a waya.

Tac ce Baban Rabi, diyarka ba ta da iska, ba ta da taurin kai. Ka san yaushe taka gudu? Sai in mikoron masallaci ya yi kara ba lokacin salla ba.

Sai nig gane. Kowa garinmu ya san in anka hura mikoro da hantsi, sanarwar rasuwa ta.

Madam tac ce ta zamna kasa gehenta ta tambaye ta, ta dade tana jira, sannan Rabi tac ce, Madam so nikai in ji ko sunan Baba za a hwadi, cikin kilas yara na surutu ban ji.

Tsohon da ke gadon kusa da ni yac ce yaro kuka kakai? Nic ce a'a baba, idon mai albasa na, haka shike.

Madam tab ba Rabi wayar. Nic ce Rabi, ni na. Nic ce uwata, Babanki na.

Tac ce Baba ai sun ruhe ka da zane.

Nic ce don rana na, kar in yi baki, kin san ni da kyau.

Tac ce ka rantse kai na.

Nir rantse. Nih hwada mata komi, an dinke min ciki, ina shan kunu da cokali awa jinjiri. Sai nij ji ta yi yar dariya, sannan tas saki kuka.

Daga nan kowace sahiya Madam na kira mu gaisa da Rabi kahin a shiga kilas. Ta maido Rabi tebur na bakin kohwa. In mikoro ya yi kara, kilas duka shiru, Rabi ta tsaya bakin kohwa ta ji sunan, ta komo ta zamna. Dirakte ya janye maganar kora.

Yanzu ina gida, ciwo ya warke, an hana ni daukar kaya tukuna. Rabi na lakwal. Har yau wani lokaci tana tashi ta tsaya kohwa, dud da ta baro ni gida ina shan hura. Madam tac ce a bar ta, tsoro ba ya hita rana guda.

Na gode ma Allah. Na gode ma lokotoro da masu wanke min ciwo, da Hajo, da abokan dako. Madam Zali, Allah shi biya ki, shi raya naki.

Jama'a, masassara in ta ki tahiya ku bar maganin tebur ku yi analis. In babba ya kwanta, ku hwada ma yara gaskiya daidai hankalinsu, ku ba su waya su ji muryarshi. Kuma iyaye da mushe mushe, yaron da ya sake hali dare daya, ku aje bulala tukuna. Ku zamna kasa ku tambaye shi mi yag gani, mi yaj ji. Ku yi hankurin jira, ba su amsawa da sauri.