Kwanon da Muke Aika wa Inna

Shekarar da fari ya ƙone gero a tsaye, a ita na binne ɗana na fari. Daga nan komai ya zame mini ɗaya. In an ce in tashi in tashi, in an ce in daka in daka. Ko kuka ban iya yi ba.

Cocinmu ƙarami ne, ginin ƙasa, a gefen wani ƙauye da ke arewa da Minjibir. Kiristocin ba mu da yawa, sauran gari duk Musulmi ne, rijiyarmu ɗaya, gonakinmu kafaɗa da kafaɗa. Da yunwa ta yi tsanani, 'yan'uwa na birni suka aiko mana da dawa. Fasto ya ce ba mu kaɗai za mu ci ba. Aka kafa tukunya a ƙofar coci, aka ce duk mai buƙata ya zo da kwanonsa.

Baƙi masu wucewa sun zo, waɗanda suka baro garuruwansu suna kwana a gindin bishiya. Maƙwabta kuwa ko ɗaya. Fasto mutumin kirki ne, amma a birni ya tashi. Wa zai tsaya a layi da kwano a gaban surukinsa?

Wadda ta fi damunmu ita ce wata tsohuwa da kowa ke kira Inna. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun tafi ci-rani ba labari. Ɗakinta ya rushe tun daminar da ta wuce, tana kwana a rumfar kara cikin kangon gidan. Abin da ya rage mata shi ne 'yar gonarta ta bayan gari, ita take jira ruwa ya sauka ta shuka.

Manyan matan coci suka ce sun san dabara. Ba sadaka za a kai mata ba, ciyayya za a yi da ita, yadda maƙwabta ke aika wa juna tuwo. Wannan ba abin kunya ba ne. Aka ɗora mini kai kwanon, wai ko zan riƙa fita in ga mutane.

Ranar farko na yi sallama, na ajiye. Ta buɗe, ta daɗe tana kallon tuwon.

"'Yar nan, ciyayya ce?"

"Ciyayya ce, Inna."

"To, madalla. Jira ni."

Ta juye, ta wanke kwanon, ta shiga rumfa. Da ta miƙo mini na ji motsi a ciki. Gero ne, cikin tafin hannu. A wajenmu kwanon ciyayya ba ya komawa babu komai, kowa ya san haka.

Haka muka yi ta yi har rani ya ƙare. In kai tuwo, in dawo da gero. Matan coci har suna tsokana, wai ashe tsohuwa da abinta take ɓoyo. Muna zuba shi cikin kunun baƙi. Geron manyan ƙwaya ne, tas da shi, yana ƙamshin hayaƙi da toka. Dukanmu a gona aka haife mu, mun san irin geron da ake ratayewa a saman murhu. Amma yunwa ta dakushe mana kai, ni kuma ko me aka sa mini a hannu ɗauka nake ba tambaya.

Ruwan shuka ya sauka ran wata Laraba. Gari ya watse gona, maza na sara, mata na bi suna zuba iri suna takewa. Gonar Inna tana kan hanyarmu. Na wuce da safe ba kowa, na dawo da yamma ba kowa. Har shukar mutane ta fara tsirowa, tata gonar tana nan fayau.

Na same ta zaune a bakin rumfa tana tsinke tafasa.

"Inna, jikin ne? Ban ga kin shuka ba."

"Lafiyata lau. Iri ne babu."

"Ina wanda kika ajiye?"

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta.

"Ai shi nake zuba miki, 'yar nan. Da me zan mayar da kwanon mutane?"

Na tsaya ina jira in ji wani abu a ƙirjina. Ban ji ba. Na juya na koma gida.

A ranar na faɗa wa matan coci. Kowa ta shiga ɗaki ta kakkaɓe abin da ya rage a ƙwaryar irinta. Bai kai ya shuke rabin gonar ba, lokaci ma ya fara ƙurewa. Wata ta miƙo kwanon da muka saba, babbarmu ta karɓe shi ta kife. A bakin zanena aka ƙulle mini irin.

Na je na kwance, na zazzage mata a faifai. Ta sa yatsa tana juya ƙwayoyin, sannan ta leƙa bayana, ta dubi hannuwana.

"Ba ki zo da kwano ba?"

"Ban zo da shi ba, Inna."

"Kin kyauta," in ji ta. "Da yau kin kunyata ni. Jiya na zuba miki na ƙarshe."