Kafaɗar Priska

Shekara goma sha tara Priska ta yi tana dafa wa yara abinci a wata lakwal, makarantar boko mai zaman kanta, a unguwar Talaje. 'Yar Dogondutsi ce, mijinta ya rasu tun 'ya'yansu na ƙanana.

Wata Talata, ita da abokiyar aikinta Hafsa suna sauke tukunyar shinkafa, sai mariƙin tukunyar ya ɓalle ta gefen Hafsa. Nauyin duka ya koma kan Priska, ta ji wani abu ya tsinke a kafaɗarta ta dama. Ta zauna kan buhun gawayi har jiri ya sake ta, sannan ta tashi ta raba abinci, don yara sun riga sun yi layi.

Wata biyu tana shafa man kaɗe, tana aiki da hagu. Ranar da ta kasa ɗaura kallabi ta je asibiti. Aka ɗauki hoto, aka ce jijiya ce ta yage, sai an yi tiyata.

A biron inshora, ofishin da ta je neman kuɗin tiyatar, wani ma'aikaci, Malam Abdoulkarim, ya buɗe littafin sa hannu na lakwal.

"Inna, kin ce ran sha huɗu kika ji ciwo. Ga hannunki ran sha biyar, ga sha shida. Ko fashin kwana ɗaya babu."

"To, wa zai dafa musu?"

"Na gane. Amma a takarda mai lafiya nake gani, likitanmu zai ce shekaru ne. Ina tukunyar?"

"Mai walda ya gyara ta."

"Shaida fa?"

Hafsa ta riga ta bi mijinta zuwa garin Tawa. Ta turo saƙon murya har da rantsuwa. Abdoulkarim ya saurara har ƙarshe, ya ce sai a rubuce, da hatimin magajin gari. Sati biyar takardar ta yi kafin ta iso, kuma ran sha uku aka rubuta maimakon sha huɗu. Aka mayar. Ta biyun ta zo daidai, ya karɓi dosiyen takardunta, ya ce kwamiti zai zauna bayan hutu.

Priska ba ta tambayi wane hutu ba. Lakwal ta ɗauki sabuwar mai dafuwa, ita kuma aka ba ta kujera a bakin kicin, tana tsintar tsakuwa a wake. Kowace Litinin tana hawa motar haya ta faba-faba zuwa biron, ta zauna inda ba za a goge mata kafaɗar ba.